Yarona mai ciwon suga ya ƙi abincin da nake masa daban, ya zan yi?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 8 an gano yana da ciwon suga irin na yara, allurar insulin nake masa safe da yamma. To tun da muka dawo daga asibiti kakarsa ta ce a hana shi tuwo da shinkafa kwata-kwata sai wake da acca, yau wake gobe wake, yaro ya gaji har kuka yake in ya ga ƙannensa suna cin taliya, jiya kuwa ledar biskit na gani a jakar makarantarsa. Ga shi ya rame, wlh abin yana ci min rai. Masu irin wannan lalurar a gida ya kuke yi?

Anti Nas:
Wa alaikumussalam Maman Sadiq, Allah ya ba shi lafiya. Don girman Allah kar a hana shi tuwo. Na yara ba irin na manya ba ne, jikinsa ne ya daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba shan zaƙi ne ya jawo masa ba, kuma yaro ne mai tasowa dole ya ci ya ƙoshi. Accar ma ai hatsi ce, ita ma tana ɗaga suga. Abin da ake so awo da lokaci, malmala ɗaya girmanta kullum, miyar ta fi yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, da ɗan kifi ko ƙwai in da hali. In allurar tasa mai gauraye ce ta 70/30 to kada lokacin cin abinci ya wuce, kuma yana buƙatar ɗan abin taɓawa da hantsi da kafin barci. In kin ga zufa da rawar jiki ko na'urar gwada suga ta nuna ƙasa da 70, sugansa ya faɗi ke nan, ki ba shi ruwan sukari nan take, bayan minti 15 ki sake gwadawa.

Baban Hanifa:
Ni gaskiya tukunya biyun nan ce matsalar. 'Yata ma tana da shi, kuma abin da ya daidaita mana gida shi ne kowa ya koma cin abin da take ci, ni da mamanta muka fara, don yaro ba zai ci kwaɗon zogale ba yana kallon babansa da lemon kwalba a hannu. Shinkafa da wake muke yi waken ya ɗan rinjaya, a yanka kabeji da tumatir a kai, da safe ƙosai da koko ba sukari, zoɓo kuma da kanumfari da citta kawai, har ƙannenta sun saba. Makaranta ana sa mata gyaɗa da dafaffen ƙwai ko lemon ɓawo, da alawa biyu a aljihu saboda faɗuwar suga, malamar ajinsu ma ta san da zancen. Biskit ɗin nan kar ki dake shi Hajiya, ki jawo shi a jiki ya riƙa faɗa miki abin da ya ci, shi ya fi.

Ummu Aisha:
Ni kam na ji ana cewa ruwan shuwaka da garin zogale suna warkar da shi har a daina allura, ko za ki gwada?

Anti Nas:
A'a Ummu Aisha, don Allah kar a fara. Zogale abinci ne mai kyau a ci, amma ba ya maye gurbin insulin, yaron da aka tsayar wa allura cikin kwana kaɗan zai iya fara amai da numfashi sama-sama har ya suma. Maman Sadiq ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci da lambar da na'ura ta nuna, ki kai wa likitansa, ki kuma nemi a haɗa ki da masanin abinci na asibitin ya nuna miki awon da ya dace da allurarsa. Ramewar ma ki faɗa masa, wataƙila allurar ce take son gyara.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ranar Alhamis muke da ganin likita, zan roƙi kakar tasa mu tafi tare ta ji da kunnenta. Baban Hanifa fura da nono fa, kuna ba ta?