Musayar Waƙa a Kan Yaƙin Biyetnam

Baba Ɗan Kurmi:

Da sunan Allah nake farawa,
Salati ga Manzo ba yankewa.

Ku matso 'ya'yana mu tattauna,
Yaƙin Biyetnam nake tunawa.

Masu goyon bayan Amurka a lokacin,
Tsoron gurguzu ne ke ta ingizawa.

A 1949 Sin ta faɗa hannun Mao,
A 1950 Koriya ta Arewa ta taso mamayewa.

Ba don sojan da aka kai ɗauki ba,
Da Koriya ta Kudu tuni an gama haɗiyewa.

Shugaban Amurka Eisenhower ya ce in Biyetnam ta tafi,
Maƙwabtanta za su bi, ba tsayawa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
Ruwa za ka shafa wa naka, ba jinkirtawa.

Da aka raba ƙasar a Janeba, 1954,
Dubu ɗaruruwa suka tsere daga Arewa.

Yawancinsu Katolika ne, suka nufi Kudu,
Sun san mai addini a can ba shi da sakewa.

'Yar Zazzau:

Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Ka ba ni dama in faɗi tawa gaskiya.

Ka ɗauko zancen daga tsakiyarsa,
Faransa ce ta fara taka su tun baya.

Mulkin mallaka mutanen nan suka yaƙa,
A Dien Bien Phu Faransa ta sha wuya.

Yarjejeniyar Janeba ta ce a yi zaɓe
A 1956, ƙasar ta koma ɗaya.

Diem, shugaban Kudu a Saigon, ya ce bai yarda ba,
Amurka kuwa ta tsaya masa a baya.

Suna tsoron Ho Chi Minh na Arewa ya lashe,
Sai aka toshe wa ƙuri'a hanya.

A 1964 aka zo da labarin Tekun Tonkin,
Hari na biyu da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka, ashe ƙarya.

Da shi Shugaba Johnson ya sami izinin majalisa,
Soja fiye da dubu 500 suka yi tafiya.

A My Lai, 1968, an harbe ɗaruruwa,
Mata da yara da tsofaffi, ba tausayi ba kunya.

Manomin da aka ƙone masa ƙauye da gona,
Ta yaya zai yarda an zo ba shi kariya?

Malam Na Bakin Kasuwa:

Baba da ƙanwata, ku ɗan saurara,
Akwai gefen da duk ba ku taɓo ba.

Wa aka kwasa aka tura fagen daga?
Yawanci ɗan talaka, ba ɗan mai hali ba.

Ɗan jami'a ana ɗage masa kiran soja,
Wanda bai samu shiga ba, ba a ɗaga masa ƙafa ba.

Muhammad Ali aka kira sunansa a 1967,
Ya tsaya cik, bai taka gaba ba.

Ya kafa hujja da addininsa na Musulunci,
Kuma mutanen can ba su taɓa cutar da shi ba.

Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe,
Fiye da shekara uku bai hau dandali ba.

Kotun Ƙoli ta wanke shi a 1971,
Amma shekarun ƙarfinsa ba su dawo ba.

Martin Luther King ya ce kuɗin talaka yaƙi ya cinye,
An zage shi a jaridu, bai janye ba.

Baƙar fata na mutuwa don 'yancin wasu,
Shi a garinsu bai samu nasa ba.

A jami'ar Kent State ta Amurka, 1970, an harbe ɗalibai huɗu,
Ko ɗayansu bai riƙe makami ba.

Baba Ɗan Kurmi:

Malam, batun Ali ban musa maka ba,
My Lai ma, ɗiyata, ba ta da bakin karewa.

Amma ku tuna birnin Hue lokacin farmakin Tet na 1968,
Dubbai 'yan gurguzu suka kashe, suka yi binnewa.

Da Saigon ta faɗi a Afrilun 1975,
Sansanin gyaran tunani aka yi ta turawa.

Dubu ɗaruruwa suka shiga kwale-kwale,
Wasu sun tsira, wasu a teku suka yi nutsewa.

A Kambodiya Pol Pot ya karɓi mulki,
An kashe Musulmin Cham, masallatai an bi da rusawa.

Abin da ake gudu tun farko ke nan,
Kar ku ce masu tsoron ba su da hujjar kafawa.

'Yar Zazzau:

Baba, batun Cham ya sa ni hawaye,
Ciwo ne wannan mai cin zuciya.

Amma bam ɗin Shugaba Nixon a ƙauyukan Kambodiya tun 1969,
Ya taimaka wa Pol Pot ya tara mabiya.

Wa ya kore shi daga mulki a 1979?
Sojan Biyetnam ne suka shiga Kambodiya.

A shekarar Sin ta auka wa Biyetnam,
Ashe 'yan gurguzun ba bakinsu ɗaya.

Tailan ba ta faɗi ba bayan Saigon,
Haka Singafo, haka Malesiya.

Amurkawa dubu 58 ba su koma gida ba,
'Yan Biyetnam fiye da miliyan suka bar duniya.

Gubar Agent Orange da aka fesa a dazuka,
Har yau ana haifar yara ba lafiya.

Tsoron na gaske ne, Baba, na yarda,
Amma waɗannan yaran, wa zai biya su diyya?