Kebul ko Wi-Fi: abin da aka tsayar a hirarmu

Maganar ta taso ne da wani maƙwabcinmu ya koka cewa Wi-Fi ɗinsa ba ya kaiwa ɗakin baya, alhali a falo gudu yake kamar ruwa. Da aka bincika, ashe rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, tana ƙasa a bayan talabijin, ga bangon bulo uku tsakaninta da ɗakin. Nan take aka ce ya ɗaga ta sama, a tsakiyar gida, nesa da firji da ƙarafa. Aka kuma tuna masa cewa cikin zangunan da rauta ke watsa Wi-Fi a kansu, zangon gigahaz 5 ya fi sauri, amma bango na cinye shi, na 2.4 ya fi ratsa gini.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kebul. Masu sana'ar haɗa intanet sun dage cewa duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar tebur, a ja masa waya kawai. Kebul ɗin intanet samfurin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar saurin gigabit ɗaya a daƙiƙa har nisan mita 100, don haka gida mai sassa da yawa, a ja shi zuwa ɗaya sashen a kafa rauta ta biyu. Ni ma nan na karkata, domin ƙaramar na'urar ƙara nisan Wi-Fi ba tare da waya ba kan zaftare kusan rabin saurin. Sai dai a zura kebul ɗin cikin bututun roba, saboda rana da ɓera.

Ɗauke wuta kuma, ƙaramin batirin ajiya na bolt 12 ya ishi yawancin rautoci. Wanda datarsa ke ƙarewa kafin wata ya mutu, aka ce ya canza kalmar sirri, ya duba jerin wayoyin hannu da ke maƙale da Wi-Fi ɗinsa.