Muryata tana yankewa da zarar na fara nuna allo a taron bidiyo

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar sadarwa, ku duba min wannan.

Kwamfutar tana kan Windows 11, haɗe da MiFi (ƙaramar na'urar intanet mai aiki da SIM) ta Wi-Fi, tazarar ba ta kai mita biyu ba. Muddin magana kawai ake yi, lafiya lau. Amma ina fara nuna wa abokan aiki allona, sai muryata ta riƙa yankewa a wajensu, alhali ni ina jin su sarai. Haka yake a Zoom da Google Meet, don haka ban ɗora wa manhaja laifi ba.

Gwajin gudu yana nuna saukewa ta wadatu, lodawa ce ke faɗuwa ƙasa da megabit 2 da rana. A shafin Statistics na Zoom ma, asarar bayanai a ɓangaren aikawa take.

Na kashe kyamara, na dakatar da OneDrive (manhajar da ke loda fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet), na ajiye na'urar kunne ta Bluetooth na koma mai waya, tunda Bluetooth da Wi-Fi ɗin duk a 2.4 GHz suke. Na ma jona MiFi ɗin da kebul na USB. An samu sauƙi kaɗan, matsalar tana nan.

Zargina shi ne hoton allo yana cika layin lodawa, murya ta tsaya jira a baya. In haka ne, rauta mai SQM (tsarin da ke rage dogon jiran bayanai idan layi ya cika) za ta warware, ko eriya ta waje ta fi? Shiga da waya don murya kaɗai fa, ta yaya zan hana amsa-kuwwa?