Ƙidayar ciyayi tare da ɗalibai: ƙarangiya ta ɓace mana a takarda

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da bayoloji a wata sakandaren ƙauye a yankin Kirikasamma. Makon jiya na fita da 'yan aji biyu bayan gari don su ga yadda ake ƙidayar tsirrai da kwadarat, firam ɗin nan mai mita ɗaya kowane gefe. Namu da kara muka haɗa, muka ɗaure kusurwoyin da robar tsohon tiyub. Na ce kowa ya juya baya ya wurga, inda ya faɗa a ƙirga.

Da muka koma aji na duba takardunsu: wurgi 15, babu ƙarangiya ko ɗaya! Alhali ni kaina na daɗe zaune ina cire ta daga wandona. Ashe leƙawa suke yi kafin su juya, su nufi inda kyasuwa ta yi luf. Ban ga laifinsu ba, yawancinsu silifas ne a ƙafa. To yaya zan gyara? Kuma ƙwari fa, da me zan kama su, tunda ba mu da kayan aiki?

Tsohon Malamin Daji:
Wa alaikumus salam Malam. Ka bar wurgin nan. Hannu yana da son zuciya ko an ɗaure wa mai shi ido. Auna fili taku 50 gabas, taku 50 arewa, ka kafa turke a kusurwa. Rubuta lamba 1 zuwa 50 a 'yan takardu ka zuba a hula. Yaro ya zaro ɗaya, a mayar, ya sake zarowa. Ta farko takun gabas, ta biyu takun arewa. Inda suka kai ku nan za a ajiye firam, ko kan ƙaya ne, ko jar ƙasa. Wurin da ba a samu komai ba a rubuta sifili, shi ma sakamako ne. In firam 10 suka ba ku tafasa 60, kun samu 6 ke nan a kowace murabba'in mita.

Amma na san ƙasarku, daga jigawa ake gangarowa fadama, kuma in ka cakuɗa lissafinsu ka yi aikin banza. Gara ka ja igiya daga kan tudu har bakin ruwa, kana ajiye firam duk bayan mita 10. Yara za su gani da idonsu: ƙarangiya a rairayi, gamba da kyasuwa a gangare, ƙiri-ƙiri inda laima take, sai kacalla, sai bado a cikin ruwa. In kun kai kacalla ka tsaya ka ba su labarinta. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya duk shekara a wuraren da da can suke bushewa da rani, ita kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa.

Itatuwa kuma firam ɗinka bai kai gare su ba, fili mai kamar mita 20 kowane gefe kake buƙata. Ka yi hattara da gawo: da damina yake zubar da ganye, yara sai su rubuta shi matacce.

'Yar Gumel:
Baba ya gama magana kan ciyayi. Abu ɗaya zan ƙara: ƙiri-ƙiri yaɗo take yi, ba za ka san inda ɗaya ta ƙare wata ta fara ba. Kada ku wahala da ƙirga ta, ku ƙiyasta ko rabin firam ta rufe ko kwata.

Ƙwari kuwa gwangwanin tumatir ya ishe ka. Ku binne shi da yamma, bakinsa daidai da ƙasa, ku ɗora kwali a kan 'yan duwatsu don rana da ruwa, ku dawo da sassafe. Za ku tarar da buzuzu, gyare, cinnaka, gizo-gizo. Don Allah kada yaro ya sa hannu, a juye a faranti, kunama ma tana faɗawa. Lokacin da nake aikin kammala digiri saura kaɗan ta same ni.

In kana so su ji daɗi, gwada fara. Ku kama 40, ku ɗiga musu jan farce kaɗan a bayan kai, ku sake su. Washegari ku sake kamu. Idan kun kama 50 kuka ga 10 da alama, sai 40 sau 50 a raba da 10, kusan fara 200 ke nan a filin. Sharaɗi dai kada yaran gari su riga ku su soye su!

Manomi Daga Auyo:
Ni ban yi wannan karatun ba, amma Malam kafin ka kafa turke ka je ka gaishe da mai unguwa, ka kuma faɗa wa masu gonakin kusa. A garinmu wasu sun taɓa zuwa da igiyar awo, kafin magariba labari ya cika gari wai gwamnati za ta karɓe fili. Da safe ko turke ɗaya ba su tarar ba. Sannan ciyawar da ta gagare ku suna, ku tsinko ku nuna wa dattijon Bafulatani. Zai faɗa muku sunanta, har da ko shanu na ci.

Ɗan Fadama:
Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan uwa. Yau muka koma da hula da igiya, bayan na ga mai unguwa, har ya haɗa mu da jikansa. Ƙarangiya ta fito a firam 9 cikin 15, yara suna ta mita suna cire ƙaya. Gwangwani shida muka binne, ɗaya akuya ta tone. Akwai wata ciyawa mai jan kara da muka samu dab da kacalla, na matse ta a tsohuwar rajista, ranar kasuwa zan kai wa Ardo ya duba.