Wa ya taɓa zuwa Val Marie? Ina son kai iyali hutun Agusta

Baban_Ilham:
Salam 'yan uwa. Shekarata biyu a Rijaina amma banda gida, wurin aiki da masallaci ban san ko'ina ba a lardin Saskacewan ɗin nan na Kanada, yara kuma sun dame ni wai sai an kai su ganin ɓauna. Wani abokin aikina ya ce in je Val Marie, wai ƙauye ne ƙarami dab da gandun Grasslands. To ni abin da nake tsoro kar in kwashi mata da yara uku mu yi tuƙin awa huɗu mu tarar ba komai sai ciyawa. Don Allah wanda ya je ya faɗa min gaskiya, akwai abin gani? Kwana nawa ya isa, kuma ya maganar abinci?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Mun je bara ni da maigida da yara, ciyawar kam ita ce a gaba ita ce a baya, amma wlh ban yi nadama ba. Ƙauyen mutanensa ba su kai 200 ba, a ƙafa za ka zagaye shi cikin rabin awa, akwai dogon rumbun hatsi na katako tun 1927 da tsohuwar makaranta ta jan bulo da suka mayar gidan tarihi da wurin shan kofi. Ofishin gandun a cikin ƙauyen yake, ka fara tsayawa can ka karɓi taswira don netwok ɗauke wa yake yi da ka shiga ciki.

Abin da ya fi burge yarana ba ma ɓaunar ba ce, wasu 'yan dabbobi ne kamar kurege masu baƙin bindi da suka haƙa ramuka fili guda, kana tsayar da mota sai ka ga ɗaya ya miƙe kan ƙafa biyu bakin raminsa yana wani kuka kamar haushin ɗan kwikwiyo, sauran duk su ruga. Duk Kanada nan kaɗai ake samunsu a daji. Autana sai da ya yi kuka da za mu tafi.

Abinci kuwa ki ce wa Maman Ilham... au, ka ce mata ta yi dambun nama da soyayyar kaza ta cika kula, can ba za ku samu na halal ba.

Dogo Swift:
Malam ni a Swift Current nake, daga nan ka ɗauki hanya mai lamba 4 ka miƙe kudu, wajen kilomita 120. Ka cika tanki a nan kafin ka fita. Cikin gandun hanyar tsakuwa ce, in an yi ruwa ƙasar wurin ta zama taɓo mai santsi, na taɓa ganin mota ta zame gefe a gabana, sai da aka jawo ta. In ka ga hadari ka haƙura kawai.

Ɓauna kuma kar ka yarda yara su matsa, mita 100 ake cewa a bari. A 2005 aka dawo da su daga gandun Elk Island na Albata, bayan sun fi shekara 100 babu su a wurin. Akwai maciji mai caccaka a bindi, a sa takalmi sau ciki, banda silifas.

Bazamfare:
Ni dai shawarata ka kwana, ko dare ɗaya ne. Masu zuwa da rana su juya sun bar abin da ya fi komai. Tun 2009 aka ware gandun a matsayin wurin da ake kiyaye duhun dare, babu fitilu, to ranar da na kwana a tanti kusa da kogin Frenchman na tashi kafin asuba in yi alwala, ina ɗaga kai sai na ga kaza da 'ya'yanta ɓaro-ɓaro, rabona da in gansu haka tun ina yaro a ƙauyenmu lokacin da muke kwana tsakar gida da bazara. Na daɗe tsaye da buta a hannu.

Da yamma kuma ku hau tudun 70 Mile Butte, ba shi da nisa daga ƙauyen, amma babu bishiya ko ɗaya da za ka fake sai iska, ku ɗau ruwa da yawa da huluna. Za ku ga duwatsu an jera su a zagaye cikin ciyawa, wuraren da 'yan asalin ƙasar suka kafa tantunansu ne tun da can, a hana yara ɗauka.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri, kun gama min komai. Kwana biyu za mu yi insha Allah, amma Maman Ilham ta ce ita ba tanti tunda ta ji maganar maciji, ɗaki zan nema cikin ƙauyen.

Ummu Sadiq:
To ka kama ɗakin tun yanzu, masaukan ba su da yawa kuma Agusta cika suke. In da sauran ƙarfi a dawowa ku biya garin Eastend yara su ga ƙaton dinoso ɗin nan Scotty da aka gano a 1991, mu lokaci bai bar mu ba.