Faɗin kan keke da tsawon wuyansa: wanne ya dace da keken hawan dutse na gwanjo?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu harkar keke. Ina neman shawararku game da wani keken hawan dutse na gwanjo da na saya, tsohon yayi mai taya inci 26, wanda nake bin hanyoyin gindin duwatsun Shere da shi a nan Jos. Faɗin kan keken milimita 620 ne daga baki zuwa baki, wuyan da ke haɗa kan da fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba) kuwa tsawonsa milimita 110. A kan kwalta ba ya ba ni matsala, amma da zarar na shiga gangara mai tsakuwa sai in ji nauyina duka ya koma kan tayar gaba, kuma duk dutsen da tayar ta buga sai kan ya nemi ƙwacewa daga hannuna. Wani abokina ya ce in sa kai mai faɗin milimita 800 da wuya mai milimita 35, wai haka kekunan yanzu suke zuwa. Tsayina mita 1.68 ne, kuma kafaɗuna ba su da faɗi sosai. Shin wannan shawara ta dace da ni da kuma irin wannan keken?

Baban Sadiya:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya game da kekunan yanzu, sai dai naka ba na yanzu ba ne, kuma a nan matsalar take. A shekarun 1990 ana ƙera firam, wato gangar jikin keke, gajere, a sa masa dogon wuya mai milimita 120 ko fiye, da kai wanda sau da yawa bai kai milimita 600 ba. Daga ƙarshen waɗannan shekaru kamfanin Gary Fisher na Amurka ya fara tsawaita firam yana rage wuya, daga baya kamfanin Mondraker na ƙasar Sifen ya kai abin maƙura, har ya fito da keke mai wuyan milimita 10 kacal. Abin lura shi ne, duk tsawon da suka rage a wuya sun mayar da shi a jikin firam, saboda haka tazarar da ke tsakanin sirdi da hannun mahayi ba ta ragu ba. Idan ka ɗauko wuya mai milimita 35 ka ɗaura a kan gajeren firam irin naka, ka cire milimita 75 ke nan ba tare da ka mayar da su a ko'ina ba. Za ka takure, gwiwarka za ta riƙa neman kan keken idan ka miƙe tsaye a kan feda, kuma a wajen hawan tudu tayar gaba za ta riƙa ɗagawa tana yawo domin babu nauyin da ya danne ta.

Faɗin kai da tsawon wuya tare ake zaɓensu. Kai mai faɗi yana ba hannu ƙarfi a kan tayar gaba, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeriya ta kasa, shi ya sa dutse ba ya saurin karkatar da shi. Amma yana sa juyawa ta yi nauyi, domin hannu sai ya yi tafiya mai nisa kafin tayar ta juya, kuma buɗe hannuwa yana jawo ƙirji ƙasa da gaba. Rage wuya shi ke gyara waɗannan biyun. Ƙa'idar da mahaya da yawa ke bi ita ce, duk milimita 20 da aka ƙara a faɗin kai, a rage milimita 10 a wuya. Idan ka tashi daga 620 zuwa 720, ƙarin 100 ke nan, wuyanka ya sauko daga 110 zuwa 60. A ganina tsakanin 60 da 70 ne ya fi dacewa da kekenka, kada ka gangara ƙasa da haka.

Mai Gyara na Fagge:

Abin da Baban Sadiya ya faɗa haka yake, sai dai ni ta ɓangaren aikin hannu zan yi magana, domin a nan mutane suka fi asarar kuɗinsu. Kafin ka sayi komai, Malam, ka auna kaurin tsakiyar kan keken, wato inda wuya yake kama shi. Kauri uku ne suka fi yawa: milimita 25.4 na tsofaffin kekuna, 31.8 wanda ya fi yawa a kasuwa, da 35 na wasu sababbi. Dole bakin wuya ya zo daidai da kaurin kan, kuma ba na goyon bayan a cusa yankin gwangwani don cike gibi a wurin da ran mutum ya rataya. Ka duba bututun fok shi ma, wanda yawanci milimita 28.6 ne. Tsawon wuya kuwa daga tsakiyar bututun fok zuwa tsakiyar inda kan yake zama ake auna shi, ba daga baki zuwa baki ba.

Na biyu, wayoyin birki da na giya an yanke su ne daidai da kai mai faɗin 620. Idan ka ƙara milimita 50 a kowane gefe, mai yiwuwa su yi gajeru, ko da yake rage wuya zai dawo maka da ɗan saki. Bayan an ɗaura, ka juya kan har ƙarshe dama da hagu ka tabbatar babu wayar da ta ɗaure ko ta ja birki da kanta. Notunan wuya kuma ba a ɗaure su da ƙarfin tsiya; yawanci ana rubuta adadin ɗaurin a jikin wuyan, kamar 5Nm ko 6Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kuma idan huɗu ne a gaba, ana bin su ne kaɗan-kaɗan a gicciye har su zauna daidai. Kai na gwanjo kuwa ka kwance shi ka duba ƙarƙashin inda aka taɓa ɗaure shi. In ka ga tsaga ko lotsawa, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka, balle in na kabon ne, wato wanda ba da ƙarfe aka yi shi ba.

Mahayin Bukuru:

Ina da ɗan saɓani da Baban Sadiya a kan faɗin. Milimita 720 ba laifi ba ne, amma bai kamata a yanke wa mutum lamba tun kafin ya gwada ba. Masu tseren gangara kan yi amfani da 780 zuwa 800, masu tseren dogon zango a daji kuma 720 zuwa 760, amma jikin mutum da hanyar da yake bi su ne alƙalai. Ɗan'uwa, ka san irin hanyoyinmu na Filato: wata ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, wata tsakanin shingayen ƙerana na gonaki, inda kai mai faɗin 800 zai riƙa goga hannunka a jikin ƙaya. Mai ƙananan kafaɗu kuma idan ya buɗe hannuwa fiye da kima, gwiwar hannunsa tana miƙewa, ba ya iya lanƙwasa ta ya shanye gargada, sai ciwon kafaɗa da na wuyan hannu su biyo baya.

Shawarata ita ce ka sayi mai faɗin 760, sannan ka matsar da robar hannu da hannun birki ciki ba tare da ka yanke komai ba, ka hau ka ji, ka sake matsarwa milimita 10 a kowane gefe ka sake ji. Hanya mai sauƙi ta samun wurin farawa ita ce ka kifa a ƙasa kamar mai motsa jiki, ka dafa tafukanka inda ka fi jin ƙarfin tura jikinka sama, wani ya auna daga gefen hannu zuwa gefen hannu. Sai ka tabbatar da faɗin da kake so sannan ka sa zarto, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna, kaurin nawa 25.4 ne, ke nan kai da wuya duka zan canza zuwa 31.8. Zan nemi wuya mai milimita 70 da kai mai 760 in gwada kamar yadda Mahayin Bukuru ya ce. Saura tambaya ɗaya: idan na tashi yankewa, akwai iyakar da bai kamata in wuce ba?

Mai Gyara na Fagge:

Akwai, Malam. Yawancin kawunan suna zuwa da zane-zanen awo a bakinsu, kuma wasu kamfanoni kan faɗi mafi ƙarancin faɗin da aka yarda a yanke. Dalili shi ne, sashen da ke ɗaukar robar hannu da birki da giya, mai kaurin milimita 22.2, yana da iyaka kafin kan ya fara lanƙwasa yana ƙara kauri. Idan ka yanke da yawa, hannun birki ba zai sami inda zai zauna ba. Daga 760 zuwa 720 milimita 20 ne kawai a kowane gefe, wannan ba zai kawo matsala ba. Ka yanke daidai wa daida a ɓangarorin biyu, ka goge bakin da magagari don kada ya yaga robar hannu, sannan ka toshe bakunan biyu da murfinsu, domin buɗaɗɗen bakin ƙarfe yana yin mummunan rauni a ciki ko cinya idan aka faɗi a kansa.