Injin Hiace ɗina ya gaji: a sake ringi ko a sako Beljiyam?

Nura Taura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina jan bas Hiace tsohuwar yayi, mai injin 1RZ na fetur. Motar ba tawa ce ni kaɗai ba. Marigayi mahaifinmu ne ya saye ta a 2011, bayan ya sayar da shanun nomansa biyu da wata 'yar fadama, lokacin ina yaron mota a tashar Yankaba. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, Inna ta ce kada a sayar, a bar ta a hannuna ina ciyar da gida. Mu tara ne a wurinsa. Ga ƙanwata za a aurar bayan kaka, kayan ɗakinta daga jikin motar nan ake jiran su fito. Lahadi ina Gujungu, Alhamis Maigatari, sauran ranaku Ringim zuwa Kano in an samu lodi.

Yanzu ta soma hayaki, duk kwana biyu sai na ƙara baƙin mai lita ɗaya, in na yi lodin buhuna kuma ba ta ja. Mita ta tsaya a 412,000 tun kafin korona. Makanikinmu ya ce a sauke injin a sake ringin fistin da metal na kiranshaf da gaskit, zai ci kamar 520,000. Wani a Ƙofar Ruwa ya yi mini kuɗin Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi, miliyan 1 da 400,000, ban da kuɗin aiki. In na sayar da riɗina na haɗa da adashin da zan kwasa, da ƙyar su kai 700,000. Yaya zan yi?

Oga Tasi'u Injiniya: Wa'alaikumus salam. Sako Beljiyam ka huta. Shekara 22 ina kwance inji, ringi a injin da ya ci wannan tafiyar ɗinkin tsohuwar riga ne, ka kama nan can ya ɓarke.

Malam Hadi Ringim: Nura, ba ka faɗi abin da ake bukata ba. Wane launi ne hayakin? Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri, ga ruwa na raguwa a lagireto, gaskit ne ko tof, wato kan inji. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kafireta za a duba. Da asuba kawai take yi ta daina, ko har a kan hanya? In da asuba ne kawai, wataƙila robobin bawul ne, ba sai an sauke inji ba. Ka zaro sandar awon mai ka gani ko ya koma kalar shayi mai madara. Sannan ta taɓa yin zafi? An taɓa buɗe injin?

Nura Taura: Malam, shuɗi-shuɗi ne, kuma har a hanya. Amma juyen baƙin mai ba na wasa da shi, kowa a tasharmu shaida ne.

Ɗan Gumel: Beljiyam? Hmm. Bara waccan na sayi nawa, an wanke shi da kananzir yana ƙyalli kamar ba a taɓa tayar da shi ba. Garanti sati biyu suka ba ni. Rana ta 17 ya buga, ina ɗauke da fasinja 14 da awaki uku, rana tsaka. Da aka buɗe, ashe injin gida ne aka yi wa kwalliya. Na koma, mutumin ya ɗaga mini rasit ya ce in ƙirga kwanaki da kaina. Har yau ina biyan bashin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ma yake ganin riba a tuƙi? Ka sha mai, ka ba ɗan kamasho, ka miƙa a shingaye, ka koma gida da kuɗin cefane rabi.

Oga Tasi'u Injiniya: Ɗan Gumel, kai ka je kasuwa kai kaɗai, ka sayi ƙyalli. Ba a sayen inji da ido. Ana duba kawunan notuna ko sifana ta taɓa cin su. Ana bin gaɓoɓi a ga ko an shafa gam. A cire fulogi huɗun a jera su, a ga ko akwai mai jiƙe da mai. A buɗe murfin sama a leƙa, in ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta ka ajiye shi. A kwance kaskon mai na ƙasa a laluba da yatsa ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. A juya kiranshaf da hannu a ji yana tauri yana saki. Kuma a rubuta lambar inji a rasit, don gudun rigima a hanya. Wanda ya hana ka kwance kasko, ka bar masa kayansa. Nura, in ka shirya ni zan raka ka.

Ɗan Gumel: Oga, da makaniki na je. Shi ma ya ci nasa kamashon ne.

Maman Hanifa: Ɗan uwa, ni abin da ya tsaya mini shi ne mu tara da ka ce. Kuɗin riɗinka za ka zuba a motar mutum tara? Gobe in an zo rabo wa zai tuna? Haka yayanmu ya riƙe injin niƙan babanmu shekara 8, kullum gyara, kullum babu, ƙarshe 'yan gwangwan suka auna shi a kilo. Ku sayar tun tana tafiya da ƙafarta, kowa ya karɓi rabonsa, kai ka nemi adaidaita.

Nura Taura: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma gidanmu ba haka yake ba. Ina da littafi, duk abin da ya shiga ko ya fita Inna na sani. Kuma adaidaita ba ta ɗaukar buhu 20 na zoɓo.

Malam Hadi Ringim: Har yanzu ba ka amsa mini maganar zafi da buɗe inji ba.

Nura Taura: Sau ɗaya ne ta yi zafi, da azumi, tiyon lagireto ya fashe kafin Maigatari. Na ɗaure da roba na zuba fiya wata na ƙarasa, ba ta ko mutu ba. Ringi kuma an yi sau biyu, na ƙarshe a 2021. Baba Ilu ne ya yi, aminin mahaifinmu ne, shi ke duba motar tun ranar da ta shigo garin.

Oga Tasi'u Injiniya: To ka ji! Ringi sau biyu, ga zafi, ka kuma zuba ruwan sanyi a inji yana tafasa. Wannan shi ya kamata ka fara faɗa, ba labarin shanu ba. Na ci amanar sana'ata in na ce maka na ukun zai kai damina.

Malam Hadi Ringim: Ba a yanke hukunci ba a auna ba, Oga. Amma Nura, ka sani ramin silinda yana cinyewa, ya yi faɗi, ya daina zama da'ira. Sabon ringi a irin wannan ramin ba ya kamawa, wata kaɗan hayaki ya dawo. Sai an kai bulok, wato gangar jikin injin, wurin masu borin su faɗaɗa ramin a sa fistin mai girma, ko a sa masa silib, wato sabon bututun ƙarfe a cikin ramin, in an riga an ƙure shi. Tof ma bayan wancan zafin sai an ɗora shi an ga ko ya lanƙwashe, kiranshaf kuma a auna. A yi gwajin ƙarfin silinda tukuna, ba tsada. Ka tambayi Baba Ilu ko 520,000 ɗin har da waɗannan. Ina zargin babu.

Nura Taura: Malam, Baba Ilu da kunne yake gane ciwon mota. Bai taɓa cutarmu ba. Kuma shi zai karɓi rabi in cika masa bayan biki. Mai Beljiyam zai ba ni bashi? In na ɗauki motar na kai wa wani, da wane ido zan dube shi a masallaci?

Oga Tasi'u Injiniya: Ashe ba shawara ka zo nema ba, sa hannu ka zo nema.

Auwalu Babura: Ka mayar da ita ta gas kawai, kowa can ya nufa.

Ɗan Gumel: Injin da ke shan lita a kwana biyu? Kuma a ina zai sha gas ɗin tsakanin Gujungu da Maigatari?

Sale Mai C20: Ni tawa shekara biyu tana hayaki. Mai kauri nake zuba mata, 20W-50, galan na bayan kujera, ina goge fulogi duk Juma'a. Ka lallaɓa ta haka ka ci kasuwar kaka, lodi yanzu ne. Bayan biki ka yi tunani.

Nura Taura: Yauwa Sale, abin da ni ma nake ta rayawa ke nan. Wata biyu kawai nake bukata.

Oga Tasi'u Injiniya: Wata biyu da lodin riɗi a kanta? Yanzu tsohon injin naka yana da daraja, za a karɓa a rage maka kuɗi. Ranar da ya buga ya huda bulok, kilo za a auna. Ku ajiye maganata.

Malam Hadi Ringim: Ko za ka lallaɓa, ka duba fitilar baƙin mai tana aiki. In ta kawo kana tafiya, kashe motar a wurin.

Nura Taura: Fitilar ta daɗe da mutuwa, amma ina jin motata a jikina. Na gode muku duka, zan zauna da Inna da daddare.

Maman Hanifa: Ka zauna da sauran takwas ɗin ma.

Auwalu Babura: Nura, in za ka Maigatari jibi akwai wurin raguna biyu?